Gadar da Ake Ƙerawa Gunduwa-Gunduwa: Abin da Jamrat ta Mina Ke Koya Mana



Malamaina, iyayena alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa ɗalibai mazauna wannan gari mai alfarma, Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya mai da kowa gida lafiya. Waɗanda suka shirya wannan zama sun nemi in yi bayani a kan gadojin ƙarfe irin na harhaɗawa, yadda ake zana su da yadda ake gina su. Ina nufin gadar da ake ƙera sassanta a masana'anta, a loda a mota, a kawo bakin aiki a ɗaura. Da wuya a sami garin da ya fi Makka dacewa da wannan magana, domin duk wanda ya je jifa a cikinmu ya taka irin wannan gini da ƙafarsa, ko da hankalinsa na kan tsakuwoyin da ke hannunsa.

Kada wani injiniya a cikinku ya riga ni faɗa: gadar Jamrat ba ta ƙarfe zalla ba ce. Kankare ce da aka zuba a wani wuri, aka kawo gunduwa-gunduwa, aka ɗaure da igiyoyin ƙarfe. Amma dabarar ɗaya ce da ta gadar ƙarfe, dalilin da ya sa aka bi ta kuma shi ne dalilin da ke sa a bi ta a ko'ina, wato ƙarancin lokaci da ƙuncin wuri. Don haka daga Mina zan ɗauko zancen, sannan mu gangara kan ƙarfen.

Dattawan da suka yi Hajji tun da daɗewa sun san tsohuwar gada. Hawa biyu ce, ƙasa da sama, jama'a na shiga suna fita ta hanya guda, mai zuwa jifa yana karo da wanda ya gama. A 1994 mutum kusan 270 suka rasu a turmutsutsu a wurin. A 2004 aka rasa kusan 250. Bayan wannan ne aka rushe ginshiƙan jamrori na da, aka mayar da su dogayen bangaye masu tsawon mita 26, don masu jifa su bazu maimakon su dunƙule a kan abu guda. Duk da haka, ranar 12 ga Janairun 2006, bayan zawali, mutum fiye da 340 suka rasu a mashigar gadar ta gabas. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ana gama aikin Hajjin wannan shekara hukumomin Saudiyya suka sa aka rushe gadar baki ɗaya.

To a nan ne aikin yake. Hajji ba ya jiran ɗan kwangila. Shekarar Musulunci ma ta gaza ta Turawa da kwana goma sha ɗaya, saboda haka a cikin 2006 ɗin Hajji ya sake zagayowa, a ƙarshen Disamba. Abin da ke hannun magina bai cika wata goma sha biyu ba, kuma dole alhazai miliyoyi su zo su tarar da wurin jifa. Ga Mina kwari ce tsakanin duwatsu, tantuna sun cika ta. Ina za a jibge yashi da tsakuwa da rodi? Ina za a kafa katakon zuba kankare, a zauna jiran ya yi ƙarfi hawa bayan hawa? Kankare yakan ɗauki kwana 28 kafin a auna cikakken ƙarfinsa, kuma ba ya jin lallashi.

Kamfanin Bin Ladin da aka ba aikin sai ya kai masana'antar can Bahra, kan hanyar Jidda. A can ake zuba sassan gadar cikin ma'aunai na ƙarfe, su bushe, a gwada su, a sa wa kowanne lamba, manyan tireloli su kwaso su zuwa Mina. Yayin da ake haƙa harsashi a Mina, ana can ana zuba bene a Bahra, aiki biyu a lokaci guda. In an jera sassan sai a zura igiyoyin ƙarfe ta ramukan da aka bari a cikinsu, a ja da jak mai aiki da mai, su matse juna har su zama abu ɗaya. Akwai wani amfani kuma da ba a cika ambata ba. Bahra tana wajen iyakar Harami, kafin shingen Shumaisi, don haka ƙwararren da ba Musulmi ba yana iya tsayawa a kan aikin a masana'anta, ba tare da ya taka inda aka hana shi ba.

A Hajjin ƙarshen 2006 an yi jifa a ƙasa da hawa na farko. Aka ci gaba da ƙari shekara bayan shekara, ana dakatawa in alhazai sun iso, har aka kammala a 2009. Abin da kuka hau ɗin nan tsawonsa mita 950 ne, faɗinsa mita 80, hawa biyar, an tsara shi ya ɗauki mutum 300,000 a awa guda, kuɗinsa ya haura Riyal biliyan 4. An kuma yi harsashinsa da niyyar a ƙara hawa a kai in jama'a sun ƙaru.

Wasunku za su tuna wata gadar kuma, mai siffar zobe, wadda aka kafa kewaye da Ka'aba a 2013 lokacin da ake faɗaɗa filin ɗawafi, domin masu keken guragu da tsofaffi. Wannan an ƙera sassanta a Dubai, mafi yawansu da zaren kabon, wanda ya fi ƙarfe rashin nauyi nesa ba kusa ba. An harhaɗa ta a tsakiyar masallacin ba tare da an rufe shi ba, da aikinta ya ƙare a 2016 aka kwance ta aka fitar. Gadar da aka zuba a wuri sai dai a fasa ta. Ta harhaɗawa kwancewa ake yi.

Yanzu mu zo kan ƙarfe. Uban wannan fanni wani ma'aikacin gwamnatin Ingila ne, Donald Bailey, wanda ya zana gadarsa a 1940 zuwa 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin shi akwai wasu, kamar gadar Callender-Hamilton ta shekarun 1930, amma tasa ce ta cika duniya. Sojoji na bukatar gadar da za ta ɗauki tankar yaƙi, wadda za a iya kawowa a motar soja ta yau da kullum, a kuma kafa ta da hannu ba tare da ƙugiyar ɗaga kaya ba. Sai ya raba gada zuwa fallaye iri ɗaya. Kowane falle tsawonsa ƙafa 10, tsayinsa ƙafa 5, nauyinsa kusan kilo 260, mutum shida na ɗaukarsa. A ƙarshen 1944, a yaƙin Bama da kakanninmu da yawa suka je, an shimfiɗa irinta a kan kwale-kwale aka ƙetare kogin Chindwin, tsawonta ya haura mita 350.

Ku dubi falle guda da kyau. Akwai sandar ƙarfe a sama, akwai wata a ƙasa, a tsakaninsu kuma ƙananan sanduna ne a karkace suna yin alwatika. Dalilin alwatikar shi ne, murabba'i in ka tura shi ta gefe yakan langaɓe, alwatika kuwa ba ta sauya siffa sai ɗaya daga cikin sandunanta ta karye ko ta lanƙwashe. In mota ta hau gada, sandar sama matsewa take yi, ta ƙasa kuma ana jan ta kamar za a tsinka, na karkace su ke miƙa nauyin daga falle zuwa falle har ya sauka a bakin gaɓa. A kusurwoyi huɗu na fallen akwai kunnuwa masu huda, na wannan gefe suna shiga tsakanin na fallen da ke biye, sai a soka wata ƙatuwar ƙusa mai kaurin hannun yaro, a maƙala mata ɗan ƙaramin makari don kada ta zame. Ana jera fallaye layi biyu, dama da hagu, a gitta manyan ƙarafa a tsakaninsu, a shimfiɗa daɓen da mota za ta taka a kai, a ɗaure ƙasan da sanduna masu gicciye saboda iska.

Magina na ƙasar Hausa ba baƙin wannan tunani ba ne. Azara guntuwa ce, ba ta ƙetare babban ɗaki ita kaɗai. Amma Babban Gwani, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya ɗaura guntayen azara wannan kan wancan, kowace tana ɗan leƙawa gaba da 'yar'uwarta, har bakan gizo ya haɗe a sama ya rufe fili mai faɗi. Dogon zango daga guntayen abu masu tsawo ɗaya, ƙarfin kuma yana wurin ɗaurin.

Abin da ya sa tsarin Bailey ya yi fice shi ne ba sai an zana sabuwar gada kowane lokaci ba. In zangon gajere ne, falle ɗaya a kowane gefe ya isa. In ya yi tsawo, ko kayan sun yi nauyi, sai a jera biyu ko uku kafaɗa da kafaɗa, ko a ɗora wani hawa a kan na farko. Injiniya yana da jadawali a hannu: ga faɗin kogi, ga nauyin motar da za ta bi, ga adadin jeri da hawan da ake bukata. Da haka ake kai mita 60 ba ginshiƙi a tsakiyar ruwa. Kamfanonin yau, irin su Mabey na Ingila da Acrow na Amurka, da masana'antun ƙasar Sin, sun ƙara ƙarfin ƙarfen, sun maye katakon daɓe da farantan ƙarfe, suna yin mai hannu biyu, amma ƙashin bayan abin yana nan yadda Bailey ya bar shi.

Duk wannan sauƙi a bakin kogi, a masana'anta aka biya kuɗinsa. Falle na farko da na dubu dole su zama ɗaya, hudar ƙusa ta faɗa daidai inda ta 'yar'uwarta take. Shi ya sa ba a walda su a ƙasa da awon ido. Ana ɗaure sandunan a cikin wani ma'auni na ƙarfe da ba ya motsi, a yi walda, galibi yanzu da na'ura, sannan a huda ramukan bayan waldar ta huce, domin zafin walda yana jan ƙarfe ya karkace. Ana kuma duba cikin waldar da na'ura don gano tsagar da ido ba ya gani. Ga wani abu da ya kamata mai sayen gada wa gwamnati ya sani. Fallen tsarin Ingila mita 3.048 ne, wato ƙafa goma cif. Wanda Sinawa ke kira 321 kuwa mita 3 ne. A ido kamar ɗaya suke. Ranar da aka gauraya su a sito, a bakin kogi za a gane, ƙusa ta ƙi shiga.

Daga nan sai maganin tsatsa. Ana wanke fallen da ruwan asid, a tsoma shi gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, ya fito fari fat. Wannan rufi yakan yi shekaru da dama ba a nemi fenti ba. A busasshiyar iskar Makka ko ta Agadas zai daɗe ƙwarai. A Jidda ko Legas, inda iska ke ɗauke da gishiri, sai an fi sa ido.

Me mai zane yake lissafawa? Nauyin gadar kanta, nauyin abin da zai hau, iska, da zafi. Zafin nan ba wasa ba ne a ƙasar da muke zaune. A Hajjin 2024 ma'auni ya haura digiri 51 a Masallacin Harami, ƙarfen da ke cikin rana kuwa ya fi iska zafi. Ƙarfe mai tsawon mita 100, in zafinsa ya ƙaru da digiri 40, yakan miƙe da kusan santimita 5. Saboda haka ake kafe gada a gefe guda, a bar ɗaya gefen a kan mazaunin da zai ba ta damar zamewa, a kuma bar 'yar tazara a bakin daɓe. In ƙasa da shara suka toshe tazarar nan, gadar za ta tura bangon da take zaune a kai har ya tsage. Akwai kuma gajiyar ƙarfe. Tirela ɗaya ba ta karya gada, amma dubban tireloli masu lodin da ya wuce ƙa'ida suna buɗe 'yar tsaga a gindin walda, kaɗan-kaɗan, har ranar da za a ce gada ta faɗi ba zato, alhali ta yi shekaru tana ba da sanarwa.

Mutane kuwa, wani irin kaya ne dabam, kuma a nan Makka ta fi kowa sani. Ƙa'idar da aka saba ita ce a lissafa kusan kilo 500 a kan kowace murabba'in mita ta gadar ƙafa, kimanin mutum bakwai ke nan a tsaye a wurin da bai fi shimfiɗar darduma ɗaya da 'yan kai ba. Gadar za ta ɗauka. Mutanen ne ba za su ɗauka ba. Masana irin su Dirk Helbing, da suka yi nazarin bidiyon abin da ya faru a 2006, sun nuna cewa in cunkoso ya kai wannan matsayi, mutum ya daina tafiya da ƙafarsa, jama'a ce ke jefa shi nan da can, wanda ya faɗi kuma ba ya tashi. Shi ya sa babban abin da ya gyara Jamrat ba kaurin kankare ba ne. Hanyar shiga daban, ta fita daban, kowa na tafiya fuska ɗaya, kowane hawa da unguwar da ke ciyar da shi, kowace tawaga da lokacinta. Ku da kuke jin haushin askar, wato jami'in tsaro, in ya hana ku juyawa ta inda kuka fito, ku yi masa uzuri, yana cikin zanen gadar.

Tafiyar mutane tana da wata illar ga gada marar nauyi. A watan Yunin 2000 aka buɗe gadar ƙafa ta Millennium a Landan, ta ƙarfe, sabuwa ful. Da jama'a suka hau sai ta fara lilo gefe da gefe, su kuma don kada su faɗi suka riƙa daidaita takunsu da lilon, lilon ya ƙaru. Bayan kwana biyu aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai 2002, bayan an sa mata na'urorin shanye girgiza.

Kafa gadar fallaye a kan kogi abin kallo ne. Ba a shiga ruwa. A gaɓar da ake tsaye ake jera na'urorin gangara masu tayoyin ƙarfe, a fara harhaɗa wani ɓangare marar daɓe, marar nauyi, mai ɗan ɗaga kai sama, wanda ake kira hanci. A bayansa sai a ci gaba da ɗaura gadar sosai, ana ƙara falle ana turawa gaba, da hannu ko da mota. Gadar na leƙawa a kan ruwa ba abin da ya tallafe ta. Doka ɗaya ce a nan, kuma wanda ya karya ta ya zubar da gadarsa a kogi: nauyin da ke baya dole ya rinjayi wanda ke gaba har sai hancin ya sauka a kan tayoyin da ke jira a tsallake. An ɗaga kan hancin ne saboda doguwar gada takan sunkuya da nauyinta, in ba a ɗaga ba sai ta tunkuyi gaɓa maimakon ta hau. In ta ƙetare sai a kwance hancin, a ɗaga ta da jak, a janye tayoyin, a sauke ta a kan mazauninta a hankali, a ɗaure daɓe, a hau da mota mai lodi a auna yadda ta lotsa. Ƙwararrun ma'aikata suna gama matsakaiciya cikin 'yan kwanaki.

Inda aiki ya fi girman hannu sai an kawo ƙugiya, ita ma da nata haɗarin. Ranar 11 ga Satumban 2015 guguwa ta kayar da wata babbar ƙugiya a kan Masallacin Harami, mutum fiye da 100 suka rasu. Tun daga ranar, duk wanda ke aikin ɗaga ƙarfe a wannan gari ya san cewa ma'aunin iska da sauke hannun ƙugiya in an tashi aiki ba ƙa'idar takarda ba ce.

Kwana goma sha uku bayan haka, ranar 24 ga Satumba, aka yi turmutsutsun Mina da ba za mu manta ba. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769, lissafin da aka tattara daga ƙasashe ya haura 2,000. Najeriya ta rasa fiye da mutum 200, cikinsu har da Hajiya Bilkisu Yusuf 'yar jarida da Farfesa Tijjani El-Miskin. Ba a kan gadar abin ya faru ba. A mahaɗar titi na 204 da na 223 ne, a hanyar zuwa. Gadar ta yi aikinta, hanyar da ke kai mutane gare ta ce ta gaza. Ina gaya wa ɗalibai, mai zanen da ya tsaya a bakin daɓe bai gama zane ba.

A gida ma haka abin yake, ta wata fuskar. Yawancin gadojin da damina ke cinye mana ba daga sama suke karyewa ba. Ruwa ne ke kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin ginshiƙi, ko ya zagaye ta baya ya yanke titin. Masana'anta za ta aiko maka da falle mai kyau a kwantena, amma ba za ta aiko maka da harsashi ba. Auna ƙasa, sanin iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, jera duwatsu a gindin bango, duk namu ne. Kuma wanda ya fi sanin inda ambaliya ta tsaya shekara talatin da suka wuce shi ne dattijon ƙauyen, a tambaye shi.

Mun taɓa cin moriyar irin wannan gada a babban wuri. Da aka karya gadar Neja ta Onica a yaƙin basasa, da sassan Bailey aka toshe gurbin da ya rushe, motoci suka ci gaba da wucewa. Sojojin injiniya na Najeriya sun san aikinta sarai. Duk da haka, da ruwa ya ci gadar Tatabu a 2017, da kuma ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, mun ga yadda yankewar wuri guda ke tsayar da tirelolin shanu da albasa da tumatir tsakanin Arewa da Kudu. A ganina, kowace jiha da ke fama da ambaliya, daga Jigawa zuwa Neja, haka ma jihohin Maraɗi da Dosso, ya kamata ta ajiye gada ɗaya ko biyu a sito, iri ɗaya daga masana'anta ɗaya, da mutanen da suka taɓa kafa ta da hannunsu a lokacin rani. Ranar da ruwa ya yi ɓarna ba ranar neman ɗan kwangila da jiran jirgin ruwa ba ce.

In an kafa kuma, a riƙa leƙa ta. A duba ƙusoshi da makaransu, domin 'yan jari-bola sun san darajar ƙarfe. A share ƙasar da ke taruwa a mazauninta. A rubuta iyakar nauyi a allo, a kuma sa wanda zai hana mai tan sittin hawa gadar tan arba'in. A cikinmu nan akwai 'yan majalisa da shugabannin ƙananan hukumomi da masu sarauta, na gan ku. In kun koma gida, ku tambayi ma'aikatar ayyuka ta jiharku falle nawa take da su a ajiye, kuma wa ya iya ɗaura su.